Fina-finan da suka ajiye mana bakin teku kafin ruwa ya ci shi

Nijar ba ta da teku, amma da wuya ka shiga gida a Tawa, Maraɗi ko Damagaram ba ka tarar da wanda kakansa ya je biɗa Kurmi ba. Shinkafar da muke ci da simintin da muke gini da shi, da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome suke shigowa. Mun ga yadda farashi ya tashi da aka rufe iyakar Benin a 2023. Saboda haka tarihin gaɓar can namu ne, kuma wani sashe nasa yana ajiye cikin tsofaffin fina-finai.

Jean Rouch, Bafaranshe, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji. Daga baya ya ajiye wannan aiki ya ɗauki kamara. Ƴar ƙarama ce mai milimita 16, da hannu ake ɗaure ta kamar agogo, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar murya. Sai an gama ake zaunar da mutanen cikin fim su kalli kansu su yi magana a kai.

A 1954 ya bi abokansa uku, Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaudel, daga Nijar har ƙasar da a yau ake kira Gana. Abin da suka ɗauka ya zama fim ɗin Jaguar, wanda bai fito ba sai 1967. A lokacin birnin Akara ba shi da tasha mai zurfi. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, majiya ƙarfi su tuƙa kwalekwale cikin igiyar ruwa su kwaso kaya, ƴan dako su ɗauka a ka. A cikin shekarun nan ne kuma ya ɗauki Mammy Water, a kan masuntan Fante na bakin teku.

Sai Moi, un Noir na 1958, a unguwar Treichville ta Abijan. Birnin yana tsakiyar canzawa: an buɗe mashigin Vridi a 1950, teku ta haɗu da tafkin Ebrie, jirage suka fara shigowa har gindin gari. Umaru Ganda, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indoshin, shi ne ɗan dakon da fim ɗin yake bi. Shi ne daga baya ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972.

An soki Rouch, kuma sukar tana da tushe. Usman Sembene na Senegal ya zarge shi da kallon ƴan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Sannan labaran Jaguar da Moi, un Noir rabinsu wasa ne. To amma abin da ke bayan ƴan wasan ba wasa ba ne. Rairayin, bishiyoyin kwakwa, kwalekwalen da gidajen, duk na gaske ne, yadda suke a ranar.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara wa hotunan daraja. An buɗe tashar Tema a 1962, ta Kwatano a 1965, ta Lome a 1968. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Idan aka miƙa katangar duwatsu cikin teku don kare tasha, yashin sai ya taru a yamma da ita, gabas kuma ta rasa rabonta, teku ta koma cin ƙasa. Dam ɗin Akosombo na 1965 shi ma ya tare yashin da kogin Volta yake kaiwa teku. Garin Keta ya rasa gidaje da wani ɓangare na tsohuwar ganuwarsa. A Togo ruwa ya cinye tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho, dole aka ja ta baya. A gabashin Kwatano gidaje sun rufta, sai da aka jera katangun duwatsu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai, lalacewar gaɓa ta jawo wa Benin, Kodibuwar, Senegal da Togo asarar dala miliyar 3 da miliyan 800, fiye da kashi 5 cikin 100 na arzikinsu.

Ba wanda zai ce kada a gina tasha, mu ma da ita muke rayuwa. Sai dai wanda gidansa ya tafi cikin ruwa yana bukatar shaida cewa a nan yake dā. Zaizaya a hankali take tafiya, yaron da aka haifa bayanta yana zaton haka duniya take. Fim ne yake nuna masa ba haka ba ne.

Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, kabarinsa yana Yamai. Ƴan ƙasa sun ci gaba da aikin: Sani Magori na Galmi ya bi sawun ƴan biɗa har Abijan a Koukan Kourcia, Aisha Maki ta ɗauki unguwar Kara-kara a fim ɗinta Zinder.

Malaman lakwal da uwaye, ga inda zancen ya zo kanmu. Ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta tilasta wa Maraɗi hawa tudu, yawancinmu a bakin tsofaffi muka ji ta. Ta 2020 da ta shafe gidaje a Lamorde tana cikin wayoyin mutane, kuma waya tana ɓacewa. Ku sa ɗalibai su zaɓi wuri guda, ƙoramar da ke cin bakin unguwa, ko magudanar da shara ta toshe. Su tsaya nesa da gaɓa su ɗauke shi kowace shekara bayan damina, su rubuta rana da sunan wurin, su tambayi wani dattijo yadda ya san shi. A ajiye kwafi a lakwal. Bayan shekara goma, ajin da zai zo zai ga da idonsa nawa ruwa ya ci.