Ruwaƙin Barnawa: Yadda Ɗalibanmu Suka Yi Da Baƙunta A Alƙahira

 Shirin yau na masu haramar tafiya karatu waje ne, da waɗanda suka riga suka sauka suna fama da kewar gida. Zan ɗauke ku zuwa Alƙahira, babban birnin Masar, mu ga yadda ɗaliban ƙasashenmu suka yi da baƙunta tun shekaru kusan 800 da suka wuce. Tambayoyin da ke damun sabon ɗalibi a makonsa na farko har yau suna nan yadda suke: ina zan kwana, me zan ci, wa zai gane maganata, in na kwanta ciwo wa zai leƙo ni?

To, bari mu fara daga hanya. A wancan zamani wanda ya tashi daga ƙasar Hausa ko Barno sai ya bi ayarin raƙuma. Wasu su yi arewa ta Bilma zuwa Fezzan, a Libiya ta yau, su karkata gabas ta Aujila da Siwa. Wasu kuma, musamman daga baya, su bi ta Wadai da Darfur, su hau hanyar da ake kira Darbul Arba'in, wato hanyar kwana 40, wadda ke ɓullewa Asyut a bakin Nilu. Tafiyar watanni ce, wani ma shekaru, don yakan tsaya a gari ya yi karatu ko ya nemi guzuri. Ya iso a gajiye, guzuri ya ƙare, ga birnin da bai taɓa ganin mai girmansa ba. Misirawa kuwa duk wanda ya fito daga yammacin Afirka suna ɗaya suke kiransa da shi, Takruri. Bahaushe ne kai, Babarbare ko Bafulatani, duk ba ruwansu.

Mutanen Kanem, daular da ke gefen tafkin Chadi, sun lura da wannan wahala da wuri. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya kawo labarin cewa a wajen shekarun 1240 wasu alhazan Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi, ya gina makaranta a Fusɗaɗ, tsohon ɓangaren birnin, ya kuma koyar a cikinta. Makarantar ta Malikiyya ce, mazhabar da mutanenmu ke bi, a ƙasar da Shafi'iyya ta fi yawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, bayan ginin ba su juya baya ba. Kusan kowace shekara sai an aiko da kuɗi daga Kanem. Masana tarihi suna danganta wannan da zamanin Mai Dunama Dabbalemi. Ku duba fa, kusan shekaru 80 ke nan kafin Mansa Musa ya ratsa Alƙahira da zinarensa a 1324.

Sai kuma Azhar kanta. An fara gina masallacin a 970, aka buɗe shi a 972, sannu a hankali ya zama cibiyar karatu. A nan ne aka samu tsarin da ake kira ruwaƙi. Ruwaƙi wani sashe ne a jikin masallacin da aka ware wa ɗaliban yanki guda. Akwai na Magariba, mutanen arewacin Afirka. Akwai na Shamawa, na Turkawa, na mutanen Jawa daga Indonesiya ta yau, na Sinnar, na Darfur, na Jabarti daga gabashin Afirka. Namu shi ne Ruwaƙul Barnawiyya, ruwaƙin Barnawa.

Yaya yake aiki a wancan zamani? Kowane ruwaƙi yana da shehinsa, wanda galibi ɗan yankin ne. Shi ke riƙe da sunayen ɗalibai, shi ke raba rigima, shi ke tsaya wa ɗalibi a gaban hukuma. Ɗalibi yana samun wurin shimfiɗa tabarma da akwatin ajiye littattafai da kaya. Sannan ga jaraya, wato rabon gurasa na kullum, wanda ake biya daga dukiyar waƙafi da masu hali suka bari. Ba wata daula ba ce, wurin a cunkushe yake, gurasar ma wani lokaci sai ka jira gurbi ya samu kafin sunanka ya shiga. Amma dai sabon zuwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma wanda zai buɗe masa yana jin harshensa. Da safe ya fita, ya zauna a da'irar malamin da ya jingina da ginshiƙi, in ya sauke littafi a ba shi ijaza.

Yanzu ga labarin da na fi so. Akwai wani malami ɗan Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi. Ya yi karatunsa a ƙasashenmu, ya tafi aikin hajji, daga nan ya yada zango a Alƙahira. Gwani ne a lissafi da ilimin taurari. A 1732 ya rubuta littafi kan wafaƙi, wato irin hatimin nan na lambobi da duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimillarsa ɗaya ce. Wanda ya sauke shi a gidansa shi ne Hasan al-Jabarti, babban malami a Azhar, wanda har ya ɗauki wannan ilimi a wurin baƙon nasa. A gidan al-Kashnawi ya rasu a 1741, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa da abin da ya mallaka. Ɗan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa a 1753, shi ya zama shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ta alƙalaminsa ne muka san ƙarshen wannan Bakatsine.

Kun san su wane ne Jabartawan nan? Su ma asalinsu baƙi ne. Kakansu daga yankin Zaila ya zo, a gaɓar Somaliya ta yau, ya zauna a ruwaƙin Jabarti har ya zama shehinsa, 'ya'ya da jikoki suka gada. Wato jikan baƙo ne ya buɗe wa baƙo ƙofa. Hausawa suka ce baƙonka Annabinka, su sun riƙe wannan da hannu biyu.

Zamani ya juya. A 1959 aka buɗe Madinatul Bu'us, unguwa guda ta ɗakunan kwana don ɗaliban ƙasashen waje, a 1961 kuma aka yi dokar da ta shigo da fannoni irin su likitanci da injiniyanci cikin Azhar. Jirgi ya maye gurbin raƙumi, tafiyar watanni ta koma ta awanni. Baƙunta kuwa tana nan daram.

Ni ma na yi zaman Alƙahira ina ɗalibi, na san yadda take. Ka zo da Larabcin nahawu, kana ji da Alfiyya, direban ƙaramar bas ya yi maka magana ka ji kamar ba Larabci ba. Jamal ya koma Gamal, ƙalam ya koma alam, gurasa kuma sunanta aish, kalmar da ke nufin rayuwa. Sanyin Janairu ya sauko wajen digiri 10 da dare, ɗaki ba abin ɗumama shi. Ga sabunta iƙama, takardar izinin zama, ga kuɗin haya, ga fam ɗin Masar da ya faɗi a 2016 ya sake faɗuwa a 2024, naira ma tana nata rawar. Wanda bai samu gurbi a Bu'us ba sai ya nufi unguwanni irin Hayyul Ashir, a haɗu mutum biyar ko shida a kama gida.

Abin da ya tsayar da ni da ƙafafuna wani babban yaya ne ɗan Damagaram, wanda ban taɓa sani ba sai ranar da na sauka. Shi ya nuna min layin da ake bi, ya koya min kalmomin ciniki, ya kai ni shagon 'yan Sudan inda ake sayar da busasshiyar kuɓewa, su suna ce mata weka. Bai taɓa jin sunan Ibn Rashiƙ ba, amma aikin shehin ruwaƙi yake yi, ba albashi, ba waƙafi.

Nan ne nake ganin muka yi baya. Mutanen Kanem sun gina gida, sun kuma riƙa aiko da kuɗin riƙe shi. Mu a yau sau da yawa iyaye su haɗa kuɗin jirgi da ƙyar, ko a tura yaro da alkawarin tallafi, kuɗin ya makale, nauyin ya faɗo kan ɗalibai 'yan uwansa da su ma lallaɓawa suke. Yaro mai ƙoƙari ya bar aji ya shiga neman na abinci, wani ya dawo gida ba takarda.

Don haka kai mai shirin tafiya, kafin ka sayi tikiti ka nemi ƙungiyar ɗaliban ƙasarku a garin da za ka, ka san wanda zai tarbe ka da inda za ka kwana watan farko. Ke da kika shekara biyu a can, sabuwar da ta sauka jiya taki ce, ki leƙa ta. Masu hali kuma, hayar gida ɗaya ta shekara a Alƙahira don sababbin zuwa sadaka ce da kakanninmu suka riga mu yi.

A nan za mu dakata. Allah ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.