Asali da Salsala a Arewacin Zamfara a Zamanin Gwajin Ƙwayoyin Halitta

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, in maganar aure ta taso, ko ta sarauta, ko ta gado, tambayar da dattawa kan fara yi ita ce: ɗan gidan wa ne? Amsar wannan tambaya ita ake kira asali, kuma tun zamani mai nisa akwai hanyoyin da jama'a suka amince da su wajen tabbatar da ita. A cikin 'yan shekarun nan wata sabuwar hanya ta bayyana, watau gwajin ƙwayoyin halitta, wanda aka fi sani da gwajin DNA, har wasu suna ganin cewa yawun bakin mutum ya isa ya warware abin da marubuta tarihi suka daɗe suna jayayya a kansa. Manufar wannan lacca ita ce a auna wannan da'awa da tarihin wani yanki guda, watau arewacin Zamfara, inda garin Banga yake a ƙasar Ƙaura Namoda, maƙwabciyar Zurmi da Shinkafi.

Yadda Yankin Ya Cika da Jama'a

Labarin baka ya nuna cewa sarautar Zamfara ta fara ne a Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yanzu, inda ake lissafa Dakka a matsayin sarki na farko, ake kuma tunawa da sarauniya 'Yargoje. Daga baya gadon sarautar ya koma Birnin Zamfara. A ƙarni na 18 Gobirawa suka gangaro daga arewa suka zauna a ƙasar da yardar sarakunanta, har ƙarfinsu ya kawo. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. Sarkin Zamfara Maroƙi ya nufi Kiyawa, Zamfarawa kuma suka watsu cikin garuruwan kudu, har daga ƙarshe gidan sarautar ya tabbata a Anka.

Ba a yi shekara hamsin ba sai jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804. Fulani Alibawa, waɗanda suka daɗe suna zaune a wannan yanki, suka ba da gagarumin ƙarfi. Daga cikinsu Abu Hamidu ya karɓi tuta, zuriyarsa ke sarautar Zurmi. Muhammadu Namoda kuwa, wanda garin Ƙaura Namoda ya ci sunansa, yana cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa a 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan zuwan Turawa, jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ya jawo fatake da ma'aikata daga Kano, Katsina da ƙasar Yarabawa, kasuwar Shinkafi kuma ta ci gaba da tara Buzaye da Adarawa da Gobirawa.

Abin lura a nan shi ne, cikin shekaru ɗari biyu da sittin, sau uku aƙalla aka girgiza jama'ar wannan yanki aka gauraya su: da yaƙin Gobir, da jihadi, da kasuwancin zamanin reluwe. Kowane yaƙi ya bar bayi da ƙwarƙwarai da marayu a gidajen da ba na iyayensu ba, kowace kasuwa kuma ta bar baƙin da suka yi aure suka zama 'yan gari.

Tsoffin Hanyoyin Sanin Asali

Hanya ta farko ita ce ta baka. Maroƙa da makaɗan fada da tsofaffin mata su ne ma'ajiyar sunayen kakanni, sai dai galibi layin maza suke bi, kuma gidajen sarauta da na malamai ne suka fi samun wannan gata. Talaka da wuya ya wuce kakan kakansa.

Hanya ta biyu ita ce aska. Wanzami yakan tsaga wa jariri zanen gidan ubansa, kamar yadda aka san Gobirawa da tsage shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. A zamanin hare-haren bauta wannan zane shaida ce da kan sa a gane yaron da aka sace, a fanso shi. Amma ita ma aska tana da rauni, domin bawan da aka haifa a gida yakan ɗauki zanen ubangidansa.

Hanya ta uku ita ce rubutun malamai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo zancen cewa asalin Gobirawa daga Ƙibɗawan Masar ne. Malaman Toronkawa sun danganta Fulani da Uƙba ɗan Nafi'u, zancen da Wazirin Sakkwato Junaidu ya maimaita a Tarihin Fulani. Labarin Bayajida kuma ya sanya Zamfara cikin Banza Bakwai, alhali Zamfarawa suna da nasu labarin na "mazan Fara", watau maharban da suka taimaki wata 'yar sarkin Gobir. Bajamushe Kurt Krieger ya wallafa tarihin Zamfara a 1959, Dokta Garba Nadama kuma ya rubuta kundin digirinsa a kan tashi da faɗuwar daular a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Masana tarihin wannan zamani sun karanta irin waɗannan labarai a matsayin bayanin dangantakar siyasa da addini tsakanin al'ummu, wadda aka zuba ta cikin harshen haihuwa da aure.

Abin da Gwajin Yake Aunawa

Tun da Watson da Crick suka bayyana siffar DNA a 1953, aka kuma kammala karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003, gwajin asali ya kasu gida uku. Na farko yana bin zaren da ake kira Y, wanda ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai. Na biyu yana bin zaren da uwa ke ba dukan 'ya'yanta, amma mata kaɗai ke miƙa shi gaba. Na uku yana duban sauran gadon da mutum ya haɗo daga ɓangarorin biyu.

Ƙaramin lissafi zai nuna iyakar biyun farko. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka abin ke ninkuwa. Daga faɗuwar Alƙalawa zuwa yau an yi haihuwa kamar hawa takwas, watau mutumin Banga na yau yana da gurbin kakanni 256 a wancan zamani. Zaren Y labarin mutum ɗaya yake bayarwa daga cikinsu, zaren uwa ma ɗaya. Sauran 254 ba su da murya a cikin waɗannan gwaje-gwaje biyu. Gwaji na uku kuwa yana da ƙarfi wajen gane dangi na kusa, kamar uba da ɗa, ko 'yan maza zar, amma ƙarfinsa yana raguwa da kowane hawa, domin rabon da mutum ke samu daga kowane kaka yana rabewa biyu a kai a kai.

Bugu da ƙari, kamfani ba ya samun sunan ƙabila a rubuce cikin jini. Abin da yake yi shi ne ya kwatanta samfurin mutum da na mutanen da ya riga ya tara, waɗanda su da bakinsu suka faɗi ƙabilarsu. In wanda aka ɗauki yawunsa a Kano ya ce shi Bahaushe ne alhali kakarsa Babarbariya ce, haka za a rubuta, da shi kuma za a auna wasu.

Darasin 'Yan Afirka na Ƙetare

Waɗanda suka fi kowa rungumar wannan gwaji su ne jikokin bayin da aka kai Amurka da Barazil, kuma suna da hujja. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun tura Hausawa masu yawa zuwa bakin teku, har aka san su da yunƙurin tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807 da 1814. A 2003 Rick Kittles da Gina Paige suka kafa kamfanin African Ancestry domin irin waɗannan mutane, kuma da dama sun karɓi takardar da ta danganta su da Hausawa ko Fulani, wasu har suka zo ziyara. Ga mutumin da bauta ta shafe sunan kakanninsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wani bincike da Bert Ely da abokan aikinsa suka buga a 2006 ya nuna cewa fiye da rabin zaren uwa na baƙaƙen Amurka da suka duba ya dace da ƙabilu da yawa a lokaci guda, wanda ya dace da ƙabila ɗaya tak kuwa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Dalili shi ne mata sun daɗe suna ƙetare iyakar ƙabila ta hanyar aure da bauta, tun kafin a san sunayen ƙabilun da ake amfani da su yau.

Abin da Aka Gano Game da Hausawa da Fulani

Inda gwajin ya fi amfani shi ne tarihi mai zurfi. A 2010 Fulvio Cruciani da abokansa suka nuna cewa wani tambari na zaren Y, mai suna R-V88, ya yawaita ƙwarai tsakanin masu magana da harsunan dangin Chadi, waɗanda Hausa take cikinsu, musamman a arewacin Kamaru. Masana suna danganta yaɗuwarsa da ƙaurar da aka yi shekaru dubbai da suka wuce, sa'ad da Sahara take da ruwa da ciyawa. Haka kuma wani bincike na 2019 a kan Fulanin Burkina Faso ya gano cewa mafi yawan gadonsu na Afirka ta Yamma ne, tare da wani kaso daga Afirka ta Arewa, wanda ya shigo wajen shekaru 1,800 da suka wuce, tare da baiwar iya narkar da madara bayan an girma.

Wannan ya gaskata cewa akwai tsohuwar alaƙa da arewa, kamar yadda labaran baka suka nuna. Amma shekarun sun riga zamanin Uƙba ɗan Nafi'u, wanda ya rayu a ƙarni na 7, kuma babu gwajin da zai kama sunan mutum ɗaya a irin wannan nisa. Har ila yau, waɗannan samfurori daga wurare dabam-dabam aka ɗauko su. Sakamakonsu ba hukunci ba ne a kan wani gida na Zurmi ko Banga.

Haɗurran da Ke Tattare da Shi

Hausawa sun ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Haɗari na farko ya shafi nasaba. Shari'ar Musulunci ta jingina ɗa ga auren da aka haife shi a ciki, ta kuma tsananta a kan sukar asalin mutane. A 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami a Makka ta yanke cewa ba a amfani da gwajin wajen kore nasabar da shari'a ta tabbatar, ko da yake ta yarda da shi a inda jarirai suka cakuɗe ko aka rasa gane mamaci. 'Yan'uwa biyu da suka yi gwaji don nishaɗi suna iya tayar da maganar da za ta rusa gado da zumunci.

Na biyu ya shafi bauta. Dokar Turawa ta 'yantar da duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, aka kuma soke bautar baki ɗaya a Arewa a 1936. Gidaje da yawa sun rufe wannan babi da gangan, jikokin bayi da na iyayengiji suka zama dangi. Takardar da za a karanta ta da jahilci tana iya maido da gorin da aka binne.

Na uku ya shafi amana. Jama'ar Kano sun san gwajin DNA ta hanyar shari'ar maganin Trovan na kamfanin Pfizer, wanda aka gwada a wani binciken da ya ƙunshi yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Bayan sulhun 2009 an sharɗanta gwajin kafin biyan diyya, abin da ya jawo gardama da jinkiri, sai a 2011 aka fara biyan iyalai huɗu. A Amurka kuma ɓarayin intanet sun kwashi bayanan mutane kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe a 2023, kamfanin kuma ya shiga kotun fatara a 2025. Wanda ya miƙa yawunsa ya miƙa sirrin 'ya'yansa da 'yan'uwansa waɗanda ba a shawarce su ba.

Na huɗu shi ne mafi muni. Tun wajen 2011 rikicin 'yan bindiga ya addabi Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, kuma an sha fassara shi da harshen ƙabila, ana cewa Hausawa da Fulani. A irin wannan hali, zancen tsarkin jini makami ne. Tarihin yankin ya ƙaryata shi, gwajin ma in an karanta shi daidai ya ƙaryata shi, domin sarakunan jihadi sun haifi 'ya'ya da matan Zamfarawa da na Gobirawa, kuma a shari'a ɗan ƙwarƙwara ɗa ne mai cin gado da sarauta.

Kammalawa

Gwajin ƙwayoyin halitta shaida ce guda daga cikin shaidu. Yana da ƙarfi a kan dangantaka ta kusa da kuma ƙaurar da ta yi shekaru dubbai, yana da rauni a tsakiya, watau ƙarni biyu ko uku da suka wuce, inda mafi yawan tambayoyin mutanen Banga da maƙwabtansu suke. Wannan tsakiyar tana hannun tsofaffi da maroƙa da wanzamai, da takardun da ke cikin gafakar malamai, da fayilolin gundumomin lardin Sakkwato da ke gidan adana takardun tarihi na Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Rikici ya tashi ƙauyuka da yawa, tsofaffin da suka san sunaye suna ƙarewa a gudun hijira. Saboda haka aikin da ya fi gaggawa ga sassan tarihi na jami'o'in Sakkwato da Gusau da Zariya shi ne ɗaukar maganar waɗannan dattawa, gida-gida, tare da sunayen iyaye mata waɗanda salsala ta saba tsallakewa. Jinin zuriya zai jira mai gwaji ko bayan shekara hamsin. Dattijon da ya san labarin ba zai jira ba.