Kaurin Mariƙin Ƙaramar Bindiga a Tarihin Turai da Amurka

Mariƙin ƙaramar bindiga, watau wurin da tafin hannu yake damƙa, abu ne da kaurinsa bai cika wuce inci ɗaya da 'yan kai ba. Duk da haka maƙera da sojoji da masu yin doka a Turai da Amurka sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan ɗan kauri. Dalili kuwa shi ne bukatu uku ne suke karo a wurin: yawan harsashin da bindiga za ta ɗauka, da daɗin riƙo a hannu, da sauƙin ɓoyewa a cikin tufafi.

Tun farkon ƙarni na 16 hukumomi suka fara jin tsoron bindigar da ake iya sakayawa. Kafin lokacin, sai da igiya mai ci da wuta ake harba bindiga, ba kuwa mai sa irin wannan a aljihu. Da aka ƙago wata 'yar ƙafa ta ƙarfe wadda take juyawa ta ƙyasta wuta da kanta, sai ya zama mutum yana iya ɗura bindiga ya rufe ta da mayafi. Sarki Maximilian na Ɗaya ya hana ta a ƙasashensa wajen shekarar 1517. A shekarar 1584 kuma da irinta aka harbe William na Orange, jagoran mutanen Holan, a gidansa da ke Delft.

A Amurka ma haka aka ɗauki al'amarin da farko. Jihohin Kentucky da Louisiana sun haramta yawo da ɓoyayyen makami a 1813, domin a ganin mutanen wancan zamani mai gaskiya a fili yake rataya makaminsa, maci amana ne yake ɓoyewa. Wannan bai hana Henry Deringer, wani maƙeri na Philadelphia, yin suna da 'yar bindigarsa mai cin harsashi ɗaya ba, wadda da irinta John Wilkes Booth ya harbi Shugaba Lincoln ran 14 ga Afrilu, 1865. Libarba, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836, ta fi ta yawan harsashi, amma gangar da take juyawa a tsakiyarta tana tura riga ta tona asirin mai ita.

John Moses Browning shi ne ya sauya fasalin abin. A bindigoginsa masu ɗura kansu, gidan harsashi yana shiga ne ta cikin mariƙin, harsasai suna jere ɗaya bisa ɗaya. Bindiga ta zama shafaffiya, tana kwanciya a jikin mutum. Masana'antar FN ta garin Herstal a Beljiyam ta fito da samfurin 1900, sa'an nan na 1910. Da wannan na biyun Gavrilo Princip ya kashe Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya, da matarsa Sophie a Sarajevo ran 28 ga Yuni, 1914, kisan da ya zama sanadin Yaƙin Duniya na Farko. Tun daga Browning, kaurin mariƙi ya ɗauru da yawan harsashi, domin abin da ke cikinsa shi yake yanke faɗinsa.

Batun daɗin riƙo kuwa soja ne suka fara tayar da shi. Bindigar M1911, wadda rundunar Amurka ta karɓa a 1911, tana cin harsashi 7 a jeri ɗaya, an kuma ɗaura mata fallayen katako biyu a gefe da gefen mariƙi. Bayan yaƙi aka lura cewa masu gajerun yatsu suna wahalar kai wa kunama. A tsakiyar shekarun 1920 sai aka gajarta kunamar, aka rarake ƙarfen da ke bayanta. Har yau masu irin wannan bindiga sukan cire fallayen su sa waɗanda suka fi su siranta.

Amma fa bukatar fagen fama ta ja abin zuwa wani gefen. Browning ya rasu a 1926 bai gama wata bindiga da yake tsarawa ba, Dieudonné Saive ya kammala ta, ta fito a 1935 da sunan Hi-Power. Harsasai 13 take ci, a jeri biyu masu saɓa wa juna, mariƙin kuwa ya yi kauri daidai gwargwado. Beretta M9, wadda sojan Amurka suka koma wa a 1985, tana cin 15, masu ƙananan hannuwa kuma sun yi ta kuka da ita. Taura biyu ba ta taunuwa: wanda ya nemi yawa ya haƙura da siranta. Shi ya sa 'yan sandan ciki na Jamus suka sami tasu dabam, watau Walther PPK ta 1931, mai jeri ɗaya, wadda take ɓacewa a ƙarƙashin kwat.

A ƙarshen ƙarni na 20 doka ce ta juya akalar maƙera. A 1987 Jihar Florida ta wajabta wa hukuma ta ba duk wanda ya cika sharuɗɗa lasin ɗaukar ɓoyayyiyar bindiga, jihohi da yawa suka bi sahu, Illinois ce ta ƙarshe da ta buɗe ƙofar a 2013. Daɗin daɗawa, daga 1994 zuwa 2004 dokar tarayya ta hana ƙera wa farar hula sabon gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10. Da yake babbar bindiga ta rasa fifikonta, sai masu saye suka karkata ga ƙanana. Kamfanin Glock na Ostiriya, wanda yake zuba gangar jikin bindiga da roba mai tauri ba tare da fallaye ba, ya fito da Glock 43 mai harsashi 6 a 2015. A 2018 SIG Sauer ya cusa harsashi 10 cikin P365, wadda faɗinta kimanin inci ɗaya ne. Rundunar Amurka ita ma a 2017 ta zaɓi bindigar da ake sauya wa mariƙi bisa girman hannun soja.

Sirantar nan tana da nata farashi. Siririn mariƙi yana tara ƙarfin bugun bindiga a ɗan ƙaramin wuri na tafin hannu, saboda haka ta fi zafin harbi, ta fi wuyar saiti. Farashin da ya fi wannan nauyi kuwa jama'a ne suke biya, domin makamin da ba a gani ba wanda zai iya kauce masa.

Nijeriya ta tsaya a kan tsohon ra'ayin nan na tsoron ɓoyayyen makami. Dokar Bindigogi ta 1959 ta bar bindigar toka a ƙarƙashin izinin 'yan sandan jiha, amma ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattu, tare da makaman yaƙi, ba mai mallakarsu sai da lasin Shugaban Ƙasa. Ma'aikacin da wannan doka ta biyo ta teburinsa ya kamata ya san dalilin wannan bambanci: sauƙin ɓoyewa aka duba. Hujjar da ta sa Maximilian ya yi hani shekara 500 da suka wuce ita ce dai take aiki a nan.