Keltawan da Ake Wasa da Su: Wa Ya Ƙera Su?

A shekarar 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Wasa ne da mutane ke zama kewaye da tebur, ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo, a riƙa jefa ɗan ludo don a san ko abin da gwarzon ya yi niyya ya yiwu. Shekara biyu bayan haka aka ba 'yan wasa damar zama druid, wato malamin addinin Keltawa, mutanen da suka taɓa mamaye yawancin yammacin Turai, waɗanda harsunansu ke raye har yau a Ayalan da Wales da Sikotilan. Tun daga lokacin masu tsara irin wannan wasa ke ɗibar kaya daga rumbun Keltawa. Sai dai kafin a ɗiba, ya kamata a san wanda ya cika rumbun.

Su malaman na druid ba su bar mana koyarwarsu a rubuce ba. Yuliyas Kaisar, wanda ya ci ƙasar Gaul da yaƙi, ya ce almajirinsu kan yi har shekara 20 yana hadda, kuma ba su yarda a rubuta ilimin ba. Ke nan shaidarmu ta farko daga bakin abokin gaba ta fito. Hoton da ya fi shahara kuwa, na mai farar riga yana yanko kauci da laujen zinariya, daga wani gajeren bayani na marubucin Rum Pliny aka samo shi.

Tatsuniyoyin Ayalan ma sun biyo ta hannun wasu. Ruhubanawan Kirista ne suka kwafe su, ƙarnuka bayan gushewar tsohon addini. Littafin Lebor na hUidre, wanda ke ɗauke da labarin harin shanu na Táin Bó Cúailnge, an rubuta shi ne wajejen 1100. Daga baya masu ƙarin gishiri suka shigo. Daga 1760 James Macpherson ya fara buga waƙoƙin da ya ce na wani tsohon mawaƙi ne, Ossian, alhali yawancinsu aikin hannunsa ne. A 1792 Iolo Morganwg ya shirya taron mawaƙa a Primrose Hill da ke Landan, ya ce al'ada ce tun ta kaka da kakanni. Shi ya ƙago ta, kuma har yau ana yin ta a babban bikin waƙa na Wales.

Wannan gadon ne ya haifi druid na tebur: mai son daji, abokin namun dawa, wanda ba ya sa sulken ƙarfe. Na Kaisar kuwa alƙali ne, mai yanke hukunci kan kisa da gado da iyakar gona, kuma mafi tsananin horonsa shi ne hana mutum halartar hadaya, jama'a su ƙaurace masa.

A ganina, nan ne mai tsara wasa ya fi yin asara, domin abin da tsofaffin rubuce-rubucen suka fi wadata da shi shi ne doka da mutunci. Dokokin Ayalan na ƙarni na 7 da na 8 sun ba kowane ɗa farashin mutunci, lóg n-enech, ma'ana kuɗin fuska. Da shi ake auna diyyar cin zarafi da nauyin rantsuwa. Na ƙaramin sarki cumal bakwai ne, kalmar da asalinta baiwa take nufi, abin da ke tuna mana cewa al'umma ce mai bayi. Sarki ma yana shakkar zambon mawaƙi, don an yi imani yakan fito wa mutum da ƙuraje a fuska.

Akwai kuma geis, hanin da aka ɗora wa mutum shi kaɗai. An hana gwarzo Cú Chulainn cin naman kare, an kuma hana shi ƙin abincin da aka gayyace shi. Wasu tsofaffin mata suka gasa kare a kan hanyarsa, suka kira shi. Gaba kura, baya sayaki. Ya karɓa, ƙarfi ya bar gefen jikinsa, ya wuce wurin ajalinsa.

Greg Stafford ya kusanci wannan fahimta a wasansa na Pendragon, na 1985, inda halin jarumi da soyayyarsa da biyayyarsa ke da lambobi, har su iya tilasta masa aikata abin da ɗan wasan ba ya so. Wanda zai gina wasan Keltawa yana da 'yancin ƙirƙira, kamar duk mai ba da labari. Abin da ke kansa shi ne ya gaya wa 'yan wasa inda ya ƙara nasa, abin da Macpherson da Iolo suka ƙi yi.