Madatsar Ruwa ta Akosombo da Mutanen Bakin Kogin Volta

Bayan Ghana ta sami mulkin kai a 1957, babban burin Shugaba Kwame Nkrumah shi ne ƙasar ta daina dogara da koko kaɗai. Don haka a 1961 aka kafa Hukumar Kogin Volta, aka fara gina madatsar ruwa a Akosombo. An yi bikin buɗe ta a watan Janairu na 1966, wato wata guda kafin soja su hamɓarar da shi. Mafi yawan wutar lantarkin da aka samu a shekarun farko ta tafi ne ga masana'antar narka sanholo ta kamfanin Valco a Tema, a kan farashi mai rahusa ƙwarai.

Ruwan da aka tare ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita 8,500. Ya cinye ƙauyuka fiye da 700, ya tayar da mutane kimanin 80,000, galibinsu manoman doya da masara da masunta daga ƙabilu irin su Krachi da Nchumuru da Ewe. Har da Hausawa a ciki. Tsohon garin Kete Krachi, inda fataken goro suka yi zango mai girma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, inda kuma Alhaji Umaru, malamin nan mai waƙoƙi, ya rasu a 1934, shi ma ruwa ya ci shi.

Ba za a ce hukuma ba ta yi shiri ba. Ta ƙidaya mutane, ta gina sababbin garuruwa 52. Matsalar tana cikin irin shirin. An ba kowane maigida gida mai ɗaki ɗaya, wai shi ya ƙara sauran da hannunsa. To, mai mata biyu da 'ya'ya goma fa? An haɗa ƙauyuka masu harsuna daban-daban wuri guda, kowanne da sarkinsa, a kan ƙasar da take da masu ita tun kaka da kakanni. Aka yi ta rigima a kan gona da sarauta.

Noma kuwa, masu tsari sun so mutanen da suka saba da fartanya su koma noman tarakta nan take. Amma ruwa ya riga sharar daji isowa, gonakin ba su samu ba, sai aka koma rabon abincin agaji shekara da shekaru. Kafin ƙarshen shekarun 1960 fiye da rabin waɗanda aka tsugunar sun bar garuruwan. Wasu sun koma bakin tafkin kamun kifi, can kuma cutar tsargiya ta yaɗu saboda dodon koɗin da ke son kwantaccen ruwa.

Wutar kanta ta yi shekaru da dama ba ta shiga yawancin garuruwan nan ba. Sai a 1996, shekara 30 bayan buɗe madatsar, aka kafa asusu na musamman don yi musu makarantu da asibitoci da ruwan sha.