Taurin sitiyari a Mercedes-Benz W123 mai injin dizal

Taurin sitiyari matsala ce da ke sa direba ya yi amfani da ƙarfi fiye da kima kafin ya juya mota, ko kuma sitiyarin ya ƙi komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Ana yawan samun ta a tsofaffin motoci irin Mercedes-Benz W123, wadda aka ƙera a Jamus daga 1976 zuwa 1986, guda kusan miliyan 2.7. Masu injin dizal a cikinsu, kamar 200D da 240D da 300D, sun yi suna a aikin tasi a Jamus da Maroko saboda injinsu yana daɗewa. Wannan daɗewar ce ta sa sau da yawa injin yana nan garau alhali roba da tiyo da gaɓoɓin ƙafar mota sun gaji.

Yadda sitiyarin yake aiki

W123 tana amfani da akwatin sitiyari mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa a cikinsa. Daga akwatin, wani hannun ƙarfe yana tura sandar tsakiya da tayarod na gefensa, sandar kuma tana kai motsin ga tayarod na ɗaya gefen. A ɗaya gefen akwai hannu na biyu da ke riƙe sandar a kan bushin, sannan akwai ƙaramin shokozoba a kwance wanda ke rage girgizar hanya. A motocin da ke da sitiyarin mai, wani famfo da bel ke juyawa yana tura mai cikin akwatin da matsi, shi ne yake sauƙaƙa juyawa. Ƙananan samfura na farko ba duka suka zo da wannan famfo ba. Sai a 1982 ya zama kowace W123 tana fitowa da shi. Saboda haka nauyin sitiyari a wasu tsofaffin 200D halittarsu ce, ba lalacewa ba.

Gano inda matsalar take

Akwatin sitiyari shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma shi ne aka fi ɗora wa laifi, amma ba kasafai yake zama mafarin taurin ba. Ana fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi. Tayar gaba da ba ta da isasshiyar iska tana sa sitiyari nauyi, musamman wajen fakin. Ma'aunin iskar da ya dace yana rubuce a cikin murfin tankin mai. Bayan taya sai bel. Idan ya saki ko ya yi santsi, yakan yi ƙara lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, kuma taurin yakan zo ya tafi.

Sai a buɗe mazubin mai da ke kan famfon. Man da ake zubawa shi ne jan man giyar otomatik. Idan ya ragu, akwai yoyo a tiyo ko a bakin akwatin. Idan yana kumfa kuma famfon yana gurnani, iska ta shiga. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya tsufa. A ƙasan mazubin akwai wata ƙaramar matata da masu mota da yawa ba su san da ita ba, takan shekara da shekaru ba a canza ta ba har ta toshe. Alamarta ita ce tauri da safe wanda ke raguwa idan mai ya yi ɗumi. Bayan an canza mai, ana fitar da iska ta hanyar ɗaga gaban mota a juya sitiyari hagu da dama har ƙarshe sau da yawa. Danne shi a ƙarshen na tsawon lokaci yana wahalar da famfo.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a ɗaga tayoyin gaba biyu da jak, a kashe inji, a juya sitiyari da hannu. Idan ya tafi sumul daga ƙarshe zuwa ƙarshe, akasari laifin na ɓangaren mai ne. Idan ya cije a wani wuri, ƙarfe ne ya kama: bushin hannu na biyu, ko shokozoban sitiyari da ya lanƙwashe, ko boljoin. Kanikawa sukan cire sandar tsakiya daga hannun akwatin su gwada kowane ɓangare shi kaɗai. Boljoin na ƙasa ya fi sauran haɗari, domin nauyin mota a kansa yake. Idan robarsa ta yage, giris ya fita, ƙura da ruwa suka shiga, yakan fara da ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan ya yi tauri, daga baya yana iya ficewa ana cikin tafiya, tayar ta kwanta.

Akwai kuma taurin da gyara ke jawowa. A saman akwatin akwai kusar saiti da ake rage lilon sitiyari da ita, kuma a wannan mota warware ta ne ke ƙara matsewa, saɓanin abin da mutum zai zata. Idan aka matse fiye da kima, lilon zai ɓace amma sitiyarin zai daina komawa tsakiya, haƙoran ciki kuma su cinye da wuri. Sau da yawa ma lilon ba daga akwatin yake ba, daga tayarod ne.

Birki da kashe inji

Injin dizal ba ya samar da zuƙar iska a bututun shaƙarsa kamar injin fetur, don haka aka sa masa famfon zuƙa na musamman a gaban inji. Wannan zuƙar ce ke taimaka wa birki, ita ce ke kulle ƙofofi a motocin da ke da kulle na bai ɗaya, kuma ita ce ke yanke mai idan an murɗa makulli. Shi ya sa ƙaramin tiyo ɗaya da ya tsage kan haifar da alamu da ba su yi kama da juna ba: ƙofofi su ƙi kulluwa, inji ya ci gaba da aiki bayan an zare makulli. A irin wannan hali ana buɗe bonet a danna ƙarfen da aka rubuta STOP a jikinsa, kusa da famfon injekta. Idan birki ne ya yi tauri kamar dutse, ana duba famfon zuƙar da babban bututunsa, kuma bai kamata a hau titi da motar ba sai an gyara.

Wahalar tashi da hayaƙi

Injin da ke ƙin tashi da sanyin safiya yawanci hitarsa ce ta ƙone. A samfuran farko an jera hitocin ne a layi ɗaya, idan ɗaya ta mutu duka sun tsaya. Daga wajen 1980 aka koma irin da kowace ke cin gashin kanta. Bawul ɗin waɗannan injuna da hannu ake saita su lokaci-lokaci, in an bar su sukan matse, matsin inji ya ragu. Iska a layin mai ana fitar da ita da ƙaramin famfon hannu da ke jikin famfon injekta, bayan an canza matatun dizal guda biyu. Baƙin hayaƙi yana nuna toshewar matatar iska ko lalacewar nozul, shuɗi yana nuna inji na shan baƙin mai, fari kuwa da safe dizal ne da bai ƙone ba, sai dai idan ya ƙi ɗaukewa kuma ruwan lagireto yana raguwa, to a nan ana zargin gasket.