Da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Kwanakin nan da wuya fada ta watse ba a taɓo zancen duniyar Mars ba. Wani ya nuna bidiyon roka a salula, wani ya ce Elon Musk zai kafa gari can, wani kuma ya ce duk tatsuniyar Nasara ce, a ba mu ruwan famfo tukuna. Ni dai a ganina mu ƴan Damagaram muna da ta cewa a wannan zance fiye da yadda muke zato. Garinmu ya yi shekaru aru-aru yana zangon masu ratsa hamada, kuma tarihinsa ya koya mana abu guda game da tafiya mai nisa: guzuri ke yanke ta, kuma wanda ya riƙe rijiya shi ke da hanya. Da wannan ma'auni nake so mu auna zancen zuwa taurari.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga 1854 zuwa 1884, ayari kan tashi daga nan ya bi ta Damargu da Agadas, ya ratsa duwatsun Abzin, ya kai Gat da Gadamas har Tarabulus a bakin teku. Ana fita da fatu da gashin jimina da hauren giwa da bayi, a komo da bindigogi da takarda da tufafi. Unguwar Zango ma sunanta ya faɗi aikinta. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka nan a ƙarshen Disamba 1852, ya yi fiye da wata guda yana jiran kuɗi da kaya su iso masa daga arewa kafin ya iya ɗaga ƙafa zuwa Katsina da Sakkwato. Ilimi yana da shi, niyya yana da ita, amma sai da guzuri ya zo.

Inda lissafin guzuri ya fi fitowa fili shi ne ayarin gishiri. Abzinawa kan sayi hatsi a ƙasashenmu na kudu, su kai Fashi da Bilma su musanya da kantun gishiri da dabino. Tsakanin Agadas da Bilma wajen kilomita 600 ne, mafi yawansa rairayin Tenere, babu ciyawar da raƙumi zai tsinka. Don haka kafin a tashi sai an yi kwanaki ana yankar ciyawa ana ɗaurewa dami-dami. Raƙumi na ɗauke da abincinsa a bayansa, kuma ana ajiye wasu damman a hanya don a tarar da su a komowa. To ga inda gizo ke saƙa. In ka ƙara nisa, sai ka ƙara ciyawa. In ka ƙara ciyawa, sai ka ƙara raƙumin da zai ɗauke ta, shi ma kuma ci zai yi. A kai wani matsayi da duk ayarin abincin kansa kawai yake ɗauke da shi, babu wurin kaya. Madugu bai shiga lakwal ba, amma ya san wannan iyaka sarai, shi ya sa hanyarsa ba miƙaƙƙiya ba ce, daga rijiya zuwa rijiya take.

Waɗanda suka raina lissafin sun ji a jikinsu. A watan Oktoba 1898 tawagar Faransawa ta Foureau da Lamy ta baro Wargala a Aljeriya da sojoji wajen 300 da raƙuma wajen 1,000, nufinta Tafkin Cadi. Kafin su gama shiga Abzin raƙuman sun mutu kusan duka. Suka maƙale watanni a Iferwan, har suka cinna wa tarin kayansu wuta don babu abin ɗauka. A Agadas da aka ƙi ba su dabbobi, sai Lamy ya sa soja suka tsare rijiyoyin gari har mutane suka miƙa wuya. Sai a farkon Nuwamba 1899 suka iso Zinder, bayan shekara guda da ƴan kwanaki a hanya.

Shekara huɗu bayan haka, a 1903, wani malamin makaranta a Rasha mai suna Konstantin Tsiolkovsky ya buga lissafin da har yau ake gina roka a kansa. In ka cire alamomin lissafi, zancen madugu ne. Roka na ɗauke da manta, kuma tana ƙona mai don ta ɗaga man da ba ta riga ta ƙona ba. Duk ƙarin gudun da kake so, man da ake bukata ninkuwa yake yi. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969 nauyinta ya kusa tan 3,000 a lokacin tashi, kusan duka mai ne. Ɗan akwatin da ya dawo da mutum uku gida bai kai tan 6 ba. Kun ga raƙumi da damin ciyawarsa ke nan.

Kuma wata ai maƙwabci ne, kilomita 384,000, tafiyar kwana uku. Mars kan ci wata shida zuwa tara. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haske ma da ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa sai ya yi shekara huɗu da ƴan watanni kafin ya kai. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana cin kilomita 17 a daƙiƙa, wato daga nan zuwa Yamai bai cika minti ɗaya ba. Da a ce can ya nufa, da wannan gudun sai ya yi fiye da shekara 70,000. Masarautar Damagaram gaba ɗayanta, tun daga kafuwarta a wajen 1730, shekararta kusan 300 ce kawai. Jama'a, wannan hamada ta wuce Tenere.

Masana sun kawo dabaru, kuma kowace dabara amsa ce ga tambayar guzuri. Ta farko ita ce a samo abincin da kaɗan ɗinsa ke ƙosarwa, wato makamashin nukiliya. A ƙarshen shekarun 1950 Amurkawa suka fara shirin Orion: a riƙa tayar da ƙananan bama-baman nukiliya a bayan kumbo, kowace fashewa ta tura shi gaba. Yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin nukiliya a sararin samaniya ta karya masa gwiwa. Tsakanin 1973 da 1978 wasu injiniyoyi a Ingila suka zana kumbon Daedalus a takarda, mai aiki da irin wutar da ke ci a cikin rana. Zai kai tauraron Barnard cikin shekara 50, amma nauyinsa tan 54,000 ne, 50,000 daga ciki mai. Wani irin hiliyom da yake bukata kuwa babu isasshe a duniyarmu, sai an je duniyar Jupiter an ɗebo. Ko a takarda sai da aka nemi rijiya a hanya.

Dabara ta biyu ita ce a bar guzurin a gida. A 2016 attajiri Yuri Milner da masani Stephen Hawking suka sanar da shirin Breakthrough Starshot: ƙananan na'urori masu nauyin ƴan giram, kowace da siririn mayafi mai sheƙi, a haska musu leza mai ƙarfi daga ƙasa har su kai kashi 20 cikin 100 na gudun haske, su isa cikin shekara 20 da wani abu. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ta da birki, kuma ba ta ɗaukar ko ɓera balle mutum. Ta uku ita ce haƙuri: a gina ƙaton jirgi kamar gari, a haihu a ciki a mutu a ciki, tattaɓa-kunnen tattaɓa-kunne su sauka. Ni wannan ita ta fi tsaya mini a rai, don wanda aka haifa a tsakiyar hanya ba a tambaye shi ko yana son tafiyar ba.

Saboda wannan wahala, masu shirin zama a wata da Mars yanzu hankalinsu na kan ruwa. An gano ƙanƙara a cikin ramukan kusurwar kudu ta wata inda rana ba ta taɓa leƙawa, akwai ta kuma a ƙarƙashin ƙasar Mars. Ruwa abin sha ne, in aka raba shi kuma ya ba da iskar shaƙa da man roka. Wuraren da yake ba su da yawa. Duk wanda ya riga kafa sansani a kansu, shi zai ce wa ya wuce.

Mun taɓa ganin haka a ƙasarmu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a taswira daga Say zuwa Barwa a gaɓar Tafkin Cadi, ba wanda ya aiko wa Sarkin Damagaram ko da goro. A 1898 suka sake zama, aka zana wa Sakkwato da'ira mai nisan mil 100 aka bar wa Ingila. Sai Faransawa suka tarar hanyarsu daga Kwara zuwa Zinder ta faɗa cikin jejin da babu ruwa. Suka yi ta neman gyara har aka tura iyakar kudu a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, don ayarinsu ya samu rijiyoyi. Iyakar da ta raba mu da danginmu na Daura da Katsina, har da lissafin ruwan shan sojan Nasara a cikin zana ta. Haka kuma a 1926 da aka ɗauke babban birni daga Zinder aka kai Yamai bakin kogi, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko wata duniya. Amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo can, Luksambur ta bi sahu a 2017. Ba a ce rijiya taka ce ba, an dai ce duk ruwan da ka ja naka ne, kuma kai kaɗai ke da guga.

Akwai kuma tambayar wa ke biyan kuɗin tafiya. Tawagar Voulet da Chanoine ta 1899 ta warware matsalar guzuri ta hanya mafi muni: ta ci abin da ta tarar. Ta kama mutane dako, ta ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ragowarta ce ta ci mu a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga a watan Satumba. Za a ce ai Mars babu mutane, kuma gaskiya ne. Amma ƙarfe da makamashi da ƙwadagon da za a gina ayarin daga wannan duniya za su fito, kuma tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit ana haska biranen wasu. Mu ma kada mu wanke kanmu. Arzikin Damagaram na zamanin Tanimun har da bayin da aka kora a ƙafa suka ratsa hamada, da yawa ƙasusuwansu suka rage a bakin rijiyoyi. Kuma hamadar ba ta daina ci ba. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Inji ya tsaya, ruwa ya ƙare. Abin da injiniyoyin kumbo suka fi tsoro ke nan, mu kuwa mun binne shi.

Ga wani abu na kwanan nan. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kilo kusan 25 a jihar Agadas, aka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya, sannan gwamnatinmu ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Mars ce ta aiko mana da yanki nata har gida, amma ba mu da ɗakin gwajin da zai karɓe shi, sai wasu suka karɓa.

Don haka ga mai cewa a ba mu ruwan famfo tukuna, ina tare da kai, amma zancen guda ne. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa an kai ga maido da kashi 98 cikin 100 na ruwan da mazauna suka yi amfani da shi, har gumi da fitsari. Wane gari ne ya fi bukatar irin wannan ilimi kamar garin da yara ke kwana a layi da jarkoki in bazara ta yi? Wanda ya iya rayar da mutane a wurin da ruwa ya yi ƙaranci, rana ta yi zafi, taimako ya yi nisa, shi za a nema ranar da aka tashi kafa zango a wata duniya. Kakanninmu sun san wannan aiki, sai dai ba su rubuta shi da lambobi ba.

Shawarata ga ƴan'uwana ɗalibai biyu ce. Masu karatun kimiyya a lise da Jami'ar André Salifou, ku riƙe lissafi da fizik da ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa da muhimmanci, ko da ƴan fada sun yi muku dariya. Masu tarihi da shari'a kuma, ku je wurin tsofaffin madugai da suka rage ku rubuta yadda ake auna ciyawa da salka da kwanakin tafiya kafin su tafi da shi, sannan ku karanta yarjejeniyar 1967 da dokokin da suka biyo bayanta kamar yadda muke karanta ta 1890. A wancan karo an raba rijiyoyi ba mu a wurin. Wannan karo tun ana zana taswirar muke ji, kuma akwai sauran lokacin koyon karanta ta.